Gunvor da Kaset ɗin Jirgin Marna

Gwaggona Gunvor ba ta taɓa ɓatawa da kowa a kan siyasa ko coci ba, amma a kan kaset ɗin bidiyo da wuya a sami gida a tsibirinmu wanda ba ta tsaya a ƙofarsa ta yi masifa ba. Ranar da na dawo daga Kanada, bayan shekara tara ina karatu, na shigo gidanta da akwati biyu na tarar da ita riƙe da kan waya, tana yi wa wani tatas don ya dawo mata da kaset bai mayar da zaren farko ba. Ta ɗaga mini yatsa in jira. Sai da ta gama da shi sannan ta rungume ni, ta ce na rame, ta nuna mini ɗakin sama. A nan na zauna shekara huɗu.

An haife ta a 1931, 'yar mai ɗinkin taru. Ta yi shekara talatin da ɗaya tana feɗe kifi a masana'antar bakin gaɓa, har yatsunta suka lanƙwashe suka ƙi miƙewa. Mijinta Ottar kuku ne a jirgin kamun kifi. Ba su haihu ba.

A 1982 ta sayi na'urar bidiyo, irin mai nauyin nan da ake saka mata kaset ta sama. Saboda Ottar ta saya. Jiragenmu na arewacin Norway kan yi mako uku a teku inda talabijin ba ya kamawa, shi kuma duk dawowa sai ya yi ta mita an buga ƙwallo ba shi, an sauke minista ba shi. Sai ta fara naɗar masa labarai da wasanni, yana tafiya da su. Mutanen sauran jiragen suka gani, suka ce su ma. Lokacin da na dawo, jirage bakwai take yi wa naɗi, da na'ura uku a falonta, kowane jirgi da akwatinsa na katako da sunansa a jiki.

Dokokinta ba su da yawa, amma ba ta sassauta ko ɗaya. Kaset a tsaye yake zama kamar littafi, ba a kwance ba. Ba a ɗora shi a kan lasifika ko kusa da inji, don maganaɗisu yana shafe abin da ke ciki. Ba a taɓa zaren da yatsa. In an gama kallo a mayar da shi farko. Duk Asabar takan buɗe na'urorin ta goge cikinsu da ɗan ƙyallen fata mai laushi da ta tsoma a sifirit, kuma in tana wannan aiki ko fasto ne ya ƙwanƙwasa sai ya jira. Kaset ɗin da ba ta so a naɗi wani abu a kansa, sai ta karya ɗan haƙorin robar da ke bayansa. In babu haƙorin, na'ura ba ta yarda ta yi naɗi. Masunta kuwa tuni suka gano cewa in ka liƙa salatif a ramin, na'urar sai ta ɗauka haƙorin yana nan.

Wata safiya Jarle, kyaftin ɗin ɗaya daga cikin jiragen, ya shigo da akwatinsu. Ƙato ne, sai ya sunkuya yake shiga ƙofarmu, amma a gabanta murɗa hularsa yake yi.

"Jarle, zo nan. Shinshina wannan."

"Haba Gunvor, ko ina kwana babu?"

"Na kwana lafiya. Shinshina."

Ya kai kaset ɗin hanci. "Ɗan warin dizal ne."

"Ɗan wari? Na zaci turaren Faransa kuka zuba masa. A ina ya kwana, a cikin tanki?" Ta juya bayan kaset ɗin. "Wannan kuma fa? Wa ya liƙa salatif a nan?"

"Yaran ne."

"Yaran da ƙaraminsu ya haura arba'in. Addu'ar Kirsimeti na naɗa muku a nan, da ƙungiyar mawaƙa da komai. Me kuka ɗora a kai?"

Jarle ya dubi silin. "Dambe ne. Mun tsaya a tasha, ana nunawa, babu kaset na banza."

"Dambe. Kan kifi kawai. Ku da kifin da kuke kamawa ban san wanda ya fi wani tunani ba."

"To ai shi ma damben akwai addu'a a ciki, kowa na roƙon nasa ya ci."

Ta jefe shi da tsumman goge tebur. Ya sha kofi biyu, ya ci burodi da cuku, ya tafi da akwati cike da sababbin kaset. Haka suke yi duk mako uku.

Akwai kaset ɗaya da ba ya shiga akwatin kowa. Yana cikin kabad ɗin gilashi inda sauran mutane ke ajiye tangaran. A jikinsa ta rubuta: Marna, 9 ga Fabrairu, 1986.

Ranar nan wani ɗan'uwanta mai aikin haƙar mai ya ara mata kyamara, ta sauka gaɓa ta ɗauki jirgin su Ottar, Marna, yana shirin tashi. Bayan kwana huɗu Marna ta nutse cikin guguwa da mutum shida. Ba a ga ko ɗaya ba, don haka babu kabari. Abin da ya rage shi ne minti ashirin da uku na kaset ɗin nan.

Ranar ce ta fara riƙe kyamara, ba ta san ana barin fili a farkon zare ba, saboda haka hoto yana farawa ne nan take. Steinar ne farkon wanda ake gani, mai kula da inji, ɗan shekara ashirin da huɗu, tilon ɗan wata mata mai suna Magnhild. Yana tahowa a kan gaɓa da akwatin burodi a kafaɗa, da wata tafiya tasa ta rangaji kamar jirgin ya riga ya tashi da shi. Ya kare fuska ya ce, "Gunvor, kada ki ɗauke ni, ban yi aski ba." Sannan ya waiga ya ɗaga murya, "Mama, koma gida, akwai sanyi." Ya sauka ɗakin inji. Daga nan ba a sake ganinsa ba har ƙarshe. Sauran duk suna ta shige da fice, Ottar ma ya fi kowa daɗewa, yana zaune a ƙofar kicin yana feraye dankali yana tsokanar matarsa.

Gidaje biyar suka yi rashi, domin biyu daga cikin mamatan wa da ƙane ne. Duk ranar tara ga Fabrairu sai su taru a falon Gunvor, a sha kofi, a kalli kaset ɗin sau ɗaya, ta mayar da shi farko, ta rufe kabad. Na taɓa tambayarta me ya sa sau ɗaya. Ta ce duk wucewar da zare ya yi a cikin na'ura sai an kankare masa wani abu, ko da ido bai gani ba. Kaset ɗin shi kaɗai ne, babu kwafinsa a ko'ina.

Da shekara goma ta kusa cika, aka kafa kwamitin tunawa. Shugabansa Arnfinn ne, tsohon hedimasta da ya yi ritaya, mutum mai tabarau da son tsari. Dangi za su zo daga kudu, har da jikokin da ba su san kakanninsu ba, falon Gunvor ba zai ɗauke su ba. Aka aro majigi daga birni don a haska kaset ɗin a bangon zauren taro. Sau uku Arnfinn yana zuwa tana korarsa. A zuwa na huɗu ya kawo takarda da sa hannun gidajen huɗu.

"To," in ji ta, bayan ta karanta har sau biyu. "Amma buɗe kunnenka. Mene ne tsarin ranar?"

"Coci ƙarfe goma sha ɗaya. Daga nan gaɓa, a jefa furanni. Ƙarfe biyu zaure, a sha miya, a kalla."

"Wato awa guda a tsaye a gaɓa. Ba zan riƙe shi a jaka ba, zai daskare. Da safe za ka zo ka karɓa, ka kai shi zaure, ka ajiye shi kusa da na'ura, ya sha ɗumin ɗakin. Awa uku aƙalla. Kaset in ya fito daga sanyi ya shiga ɗumi gumi yake yi, in aka saka shi da gumin sai ya manne a cikin na'ura. Ka ji?"

"Na ji."

"Maimaita."

"Gunvor, ni fa na karantar da rabin garin nan."

"Shi ya sa rabin garin nan ba sa mayar da kaset farko. Maimaita."

Ya maimaita. Ta sa shi ya kawo na'urar zauren ma, ta goge ta da kanta, ta gwada ta da kaset biyu na ƙwallo kafin ta yarda.

Ranar ta zo da sanyi mai tsanani, goma sha huɗu ƙasa da sifili, babu iska. Arnfinn ya zo ƙarfe tara ya karɓi kaset ɗin a naɗe cikin rigar ulu ta Ottar. A gaɓa muka tsaya har yatsun ƙafa suka mutu. Fasto ya kira sunaye shida, aka jefa furannin, suka yi ta yawo a jikin gaɓa sun ƙi tafiya. Sannan muka haura zaure, mutum sun fi ɗari da ashirin, kowa da rigar ulu mai ƙanƙara a kafaɗa. Ciki ya ɗauki zafi, tukwanen miyar nama suna tururi, ruwa na gangarowa a gilasan taga.

Gunvor ta makara a ƙofa. Takalminta mai ƙusoshin taka ƙanƙara ne, ba a shiga da shi, kuma lanƙwasassun yatsunta ba sa saurin kwance igiya. Ina durƙushe ina taya ta sai Arnfinn ya wuce mu da sassarfa, daga waje, da rigar ulun nan a hammatarsa. Na ga ta bi shi da ido. Na ga lokacin da ta gane.

"Arnfinn!"

Hayaniya ta yi yawa, bai ji ba. Ta tashi da takalmi ɗaya a ƙafa, tana ture mutane, tana kiran sunansa. Kafin ta kai tsakiyar zaure ya zare kaset ɗin ya tura shi ciki ya danna. Aka kashe fitila. Gaɓa ta fito a bango, Steinar ya yi taku uku ko huɗu, sai hoton ya karkace, ya tsaya, ya zama fari. Na'urar ta fara wani ƙara kamar ana tauna takarda.

"Kada ka taɓa! Cire hannunka!"

Ya riga ya danna maɓallin fitarwa. Kaset ya leƙo rabi, zare na biye da shi.

"Kada ka ja!"

Ya ja. A tsoracen da yake, ja ɗaya ya yi, mai ƙarfi. Duk wanda ke layin gaba ya ji tsinkewar.

Wani ya kunna fitila. Arnfinn na tsaye da kaset a hannu, baƙin zare a cukurkuɗe yana reto har gwiwarsa. Gunvor ta karɓa ta taɓa jikin robar da bayan hannunta. Na taɓa daga baya, kamar an ciro shi daga cikin ƙanƙara, ga danshi yana naso a jiki.

"A ina ka ajiye shi?" Muryarta a ƙasa take.

"A mota. Na kulle shi a aljihun mota."

"A mota."

"Na zo da safe na ga masu girki suna ta kai da kawo, ga yara, ga tururi. Na ce kada wani ya zubar masa da wani abu. Don in kare shi ne, Gunvor."

"Ka maimaita mini da bakinka! A falona, a kan kujerata, ka maimaita!"

"Na zaci ai a naɗe yake cikin ulu…"

"Ulu murhu ne? Awa biyar a mota! Shekara talatin kana koya wa yara yadda ruwan sama yake haɗuwa, amma ba ka san abin da ke samun tabaraunka in ka shigo daga waje ba? Ga shi nan a kan hancinka, ya yi fari fat, ko ni ba ka gani! Cire ka duba, malamin banza!"

Da gaske kuwa tabaraun nasa ya rufe da hazo. Ya cire, ya riƙe a hannu, bai goge ba.

Fasto ya matso, matashi ne ɗan kudu. "Gunvor, a irin wannan rana ya kamata mu…"

"Kai kuma lokacin da jirgin nan ya nutse kana aji nawa? Koma ka sha miyarka."

Ta cire wayar na'urar daga bango da kanta. Ta sa Jarle ya ɗauke ta ɗungurungum, da guntun zaren da ya maƙale a ciki, ya naɗe ta da bargo ya kai mata gida. Ta fita da takalmi ɗaya, ni na biyo ta da ɗayan. Da na waiga na ga Magnhild a layin gaba, ƙaramar tsohuwa da baƙar jaka a cinya, tana kallon farin bangon. Ita kaɗai ce ba ta juyo ta kalli faɗan ba.

Kwana biyu Gunvor ba ta taɓa komai ba, ta bar kaset ɗin ya bushe. Ba ta bar Arnfinn ya huta ba dai. Tana yanka burodi tana zaginsa, tana wanke kofi tana zagin ubansa, wanda a cewarta shi ma ya taɓa barin doki a waje har ya mutu. Ya aiko da furanni, ta sa na mayar. Ya aiko da wasiƙa, ta jefa murhu.

Rana ta uku da hantsi ta shimfiɗa farin ƙyalle a teburin da ke bakin taga. Ta kwance murfin na'urar zauren, ta ɓamɓaro zaren daga jikin ƙarfen da ya manne da shi, a hankali, da tsinken ashana. Ta buɗe kaset ɗin, ta yanke duk inda ya cukurkuɗe da sabuwar reza, ta haɗa bakin mai kyau da wani siririn manne da take sayowa daga birni. Salatif ba ya zuwa kusa da zarenta, ta ce ƙaronsa yana tsatsowa ya ɓata na'ura. Ta gwada minti ɗaya. Kaset ya tashi lafiya, ya fara daga inda wa da ƙanen nan suke jan igiya.

Abin da ta yanke yana kwance a kan ƙyallen, gutsure uku. Na auna da abin awon ɗinkinta, mita ɗaya da ɗan kai. Na duba littafin na'urar, zare yana tafiyar santimita biyu da 'yan kai ne a daƙiƙa. Daƙiƙa arba'in da biyar ke nan. Ban faɗa mata ba, ta fi ni sanin wanda ke ciki.

Ta sa gutsuren tsakanin ƙyalle biyu ta bi su da dutsen guga mai ɗumi kaɗan. Suka ɗan miƙe, amma duk jikinsu tabo ne. Ta haɗa su, ta ƙara musu zare na banza gaba da baya, ta ɗaura su a cikin wani kaset dabam.

"Ba za ki gwada ba, Gwaggo?"

"Wataƙila sau ɗaya zai jure. In sau ɗaya ne, ba nawa ba ne."

Magnhild ba ta da na'ura. Washegari muka ɗora tsohuwar mai buɗewa ta sama a kan amalanken da ake turawa bisa ƙanƙara, don ita ce ta fi tausaya wa zare, muka tura ta har gidan Magnhild a ƙarshen gari. Ta buɗe ƙofa, ta kalle mu, ta kalli kayan, ta matsa gefe. Muka haɗa na'urar da talabijin ɗinta na kicin.

"Sai ta sha ɗumi," in ji Gunvor. "Awa uku."

"To ku zauna."

Magnhild ta dafa kofi, ta ajiye kofuna uku, ba ta kawo komai na ci ba. A garinmu wannan ma magana ce. Ta ɗauki saƙarta. Aka yi kusan rabin awa ba a jin komai sai ƙarar alluran saƙa.

Gunvor ce ta gaza haƙuri. "Sakaran nan, na sa shi ya maimaita da bakinsa. Da zan same shi…"

"Bar Arnfinn," in ji Magnhild, ba ta ɗago ba. "Arnfinn soko ne tun yana ɗan gajeren wando, kowa ya sani. Ke ce mai hankalin."

"Me kike nufi?"

"Sau uku na roƙe ki. Shekarar farko, a wannan kicin ɗin. Sannan bayan jana'izar mijina. Sannan a kanti, gaban mutane, har na ji kunya. Na ce ki yi mini kwafi."

Ban taɓa jin wannan ba. Na kalli gwaggona, ta ƙura wa kofinta ido.

"Ba ki da na'ura."

"Da na saya."

"Kwafi ba ya fita da kyau. Launi yana zuba, fuska tana dushewa."

"Da ya zuba ɗin. Da ya fito kore kamar gansakuka, da na gane ɗana."

"Kin san yadda mutanen garin nan suke yi da kaset. Da yanzu wani jika ya ɗora zane mai motsi a kai."

"Ni ina da jika ne?"



Magnhild ta ajiye saƙar. Ban taɓa jin ta ɗaga murya ba, ranar ma ba ta ɗaga sosai ba. "Na'ura uku gare ki a ɗaki ɗaya. Waya ɗaya za ki haɗa, ki danna, ki je ki dafa kifinki. Kin yi wa Jarle kwafin wasan ƙwallo, na sani, shi ya gaya mini. Amma mazan mutane shida kin kulle su a kabad kamar ke kika haife su. Sau ɗaya a shekara ki ba mu izini, mu zo mu cire takalmi, mu zauna inda kika nuna, mu ce mun gode. Naki mijin yana ciki kwata guda yana feraye dankali. Nawa ko minti ɗaya bai cika ba. In na yi ƙiftawar ido na yi asarar shekara."

"Shekara goma ban bar ƙura ta hau shi ba!" Gunvor ta buga tebur har kofi ya zuba. "Shekara goma! Ko wuta ce ta tashi a gidana, shi zan fara ɗauka kafin rigata. Da a hannun waninku yake, da tuni ya ruɓe!"

"Na sani. Kin iya ajiya. Ba wanda ya ce ba ki iya ba."

"To me kike so in ce?"

"Ban ce ki ce komai ba. Goge tebur ɗin."

Gunvor ta ɗauki tsumma ta goge. Sauran awa biyun haka muka cinye su, ɗaya tana saƙa, ɗaya tana kallon agogo, ni ina kallon teku ta taga.

Da lokaci ya yi ta taɓa jikin na'urar da bayan hannu, ta taɓa kaset ɗin, ta saka, ta danna murfin ƙasa. Allon ya cika da fari da baƙi kamar ana zubar dusar ƙanƙara. Layuka suka yi ta gudu sama. Sau ɗaya kafaɗa ta fito da gefen akwatin burodi, ta mirgina ta ɓace. Fuska ba ta fito ba. Amma sauti a gefen zare yake kwanciya, kuma gefen bai ci wuya sosai ba. Muka ji ƙarar tsuntsayen teku, muka ji takun takalmi a kan katako, sannan murya, tana ɗan rawa amma a fili: "Mama, koma gida, akwai sanyi."

Allon ya koma baƙi. Gunvor ta tsayar.

"Muryar ta tsira," in ji ta, a hankali.

"Muryar ban manta ta ba," in ji Magnhild. "Hotunansa kuma ga su nan cike da bango. Tafiyar ce take ɓace mini. Duk shekara ita nake zuwa gani."

Ta juya ga Gunvor.

"Sake sakawa."

"Magnhild, zaren nan da ƙyar yake riƙe. Kowane wucewa…"

"Nawa ne ko naki?"

Gunvor ta jawo kujera kusa da na'urar ta ce, "Taso nan. Ba zan riƙa zarya har ƙarshen gari ba. Wannan shi ke mayarwa baya. Ki jira sai ya tsaya da kansa. Wannan shi ke kunnawa. Jan nan na naɗi ne, kada ki kuskura ki taɓa shi. Danna in gani. Ba haka ba, da ƙarfi, ba ƙwai ba ne."

Magnhild ta danna. Muka bar ta tana saurare karo na biyu, muka tura amalanken gida babu kaya.

A makon nan Gunvor ta haɗa na'urorinta biyu da suka rage, ta yi kwafi biyar na abin da ya tsira. Launin ya zuba kamar yadda ta faɗa, jar hular Ottar ta yi naso har kunnensa, kuma duk kwafin da ya fito sai ta tsaya a gabansa ta yi tsaki. Ta karya haƙorin kowanne, ta kai su gida gida da ƙafarta. Har gidan Magnhild ta kai ɗaya, duk da babu Steinar a ciki. Ta ajiye a bakin ƙofa cikin jaka, ba ta ƙwanƙwasa ba.

Ta ci gaba da yi wa jirage naɗi har faranti mai kamo tauraron ɗan'adam ya hau kan kowannensu, akwatunan katakon suka daina zuwa ɗaya bayan ɗaya. Ta rasu a 2004. Arnfinn bai sake jin gaisuwarta ba, ko a coci, ko da ya kwanta asibiti. Ita da Magnhild suna gaisawa a kanti, su yi maganar farashin kofi, su rabu.

Bayan jana'izar ne na tambayi Magnhild labarin guntun zaren. Ta ce kallo goma sha ɗaya ya jure, duk a cikin watan nan na Fabrairu, sannan ya tsinke a tsakiya. Ba ta aika a kira Gunvor ta gyara ba, Gunvor kuma ba ta taɓa tambaya ba.